Ɗakin Kwalabe: Waiwaye Kan Wasan Prince of Persia da Kwaɗon da Aka Ɗana Masa

Na san akwai 'yan'uwa marubuta da za su ga kan wannan sharhi su yamutsa fuska, su ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mujallar adabi da wasan kwamfuta? Ina roƙonsu su yi haƙuri su bi ni a hankali. Abin da zan yi magana a kai labari ne, yana da jarumi da mugu da gimbiya, yana da farko yana da ƙarshe, an kuwa saƙa shi da gwanintar da ta fi ta littattafai da yawa da na karanta. Bayan haka, masu shi sun gamu da irin ciwon da ke damun kowane ɗayanmu, watau masu kwafar aikin mutum ba da izininsa ba. Sun nemi magani, maganin nan kuwa shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunan wasan Prince of Persia, watau Yariman Farisa. Wani matashi Ba'amurke mai suna Jordan Mechner ne ya shirya shi, kamfanin Broderbund ya fitar da shi a 1989 don kwamfutar Apple II, sa'an nan a 1990 aka juya shi zuwa kwamfutocin IBM da ire-irensu masu aiki da DOS. Wannan na biyun shi ne ya iso mana. Ni na fara ganinsa ne a wani shagon buga takardu inda na kai rubutun littafina na farko a buga mini. Yaron shagon, da zarar maigidansa ya fita salla, sai ya ture takarduna gefe ya kira wasan. Da farko na yi fushi. Kafin mako ya zagayo ni nake tuna masa cewa maigida ya fita.

Ga yadda labarin yake. Sarkin Farisa ya tafi yaƙi wata ƙasa, ya bar mulki a hannun wazirinsa Jaffar. Waziri ya ga babu abin da ya tsaya tsakaninsa da gadon sarauta sai 'yar sarki, sai ya tsare ta a soro, ya kifa agogon rairayi a gabanta, ya ba ta awa guda: ko ta aure shi ko ta mutu. Saurayin da take so, wani baƙo wanda ko suna ba a ba shi ba, an jefa shi kurkuku a ƙarƙashin fada. Daga nan sai a miƙa wa mai wasa ragama. Minti 60 ne, na agogon gaske, hawa 12 kuma ke tsakaninka da gimbiya. In ka mutu za a mai da kai farkon hawan da kake, amma ba za a mai da maka mintin da ya wuce ba.

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san wannan shimfiɗa: sarki ya fita yaƙi, waziri ya zauna gida yana ƙulla makirci, ran ɗan sarki na rataye da dararen da suka rage. Bambancin shi ne, wurin Imam magana ce ke jan lokaci har sarki ya komo, a nan kuwa babu magana sam. In ka cire 'yan layukan gabatarwa da na rufewa, babu wanda ke buɗe baki daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne darasi na farko da nake so masu koyon rubutu su duba. Tsakanin wasu hawa akan nuna gimbiya a ɗakinta na ɗan lokaci, tana tsaye ko tana kwance, rairayin agogo na raguwa. Shi ke nan. Ba a ce tana kuka ba, ba a cika shafi uku da bayanin irin son da take yi masa ba, amma hantarka za ta kaɗa. Mu nan da yawanmu sai mun sa jaruma ta rubuta wasiƙa mai baiti goma sha biyu kafin mu yarda mai karatu ya gane tana cikin damuwa.

Abu na biyu shi ne motsin jarumin. Mechner ya ɗauki hoton bidiyo na ƙanensa David sanye da fararen kaya yana gudu, yana tsalle, yana kama katanga yana hawa, sa'an nan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya zana su a kwamfuta. Faɗan takobi kuwa ya ɗauko shi ne daga wani tsohon fim na Robin Hood na 1938. Kiɗan kuma mahaifinsu Francis ne ya tsara. Sakamakon haka, ɗan mutumin da ke allon yana da nauyi irin na ɗan Adam. In yana gudu ka ce ya tsaya, sai ya ɗan zame tukuna. In ya tsallake rami da ƙyar, sai ya kama bakin dutse da yatsu yana lilo. Ranar da na fara ganin almakashin ƙarfen nan ya datse shi, sai da na janye ƙafata daga ƙarƙashin tebur. Marubuci ya lura: an gina wannan tausayi ne da kallon mutum na gaske, wanda aka sani, ana lura da yadda yake ɗaga ƙafa.

Amma inda wasan ya zama adabi a ganina shi ne maganar inuwa. A hawa na huɗu waziri ya gitta wani madubi a hanya, babu yadda za ka wuce sai ka yi gudu ka faɗa cikinsa. Kana fita ta ɗaya gefen, sai wani mai kama da kai ya fice ta inda ka fito, ya gudu, ƙarfinka kuma ya ragu saura ƙiris. Daga nan ya zame maka ƙarfen ƙafa. A hawa na biyar ya riga ka zuwa kwalbar maganin da ka sha wuya kana nema, ya shanye a gabanka. A na shida ya rufe maka ƙofa ka faɗa rami. Sai a hawa na 12 za ku yi gaba da gaba, takobi a hannun kowa. Ka sare shi, kai ma ka ji sara. Ka kashe shi, ka mutu. Mafita ɗaya ce: ka mai da takobinka kube, shi ma ya mai da nasa, ka nufe shi ku haɗe ku koma mutum guda. Mutumin da wasa ya shafe kusan awa yana koya masa cewa duk wanda ya tare hanya a sare shi, yanzu an ce ya sauke makami, ba tare da an faɗa masa da baki ba.

Abin sha'awa, talauci ne ya haifi wannan inuwa. Ƙwaƙwalwar Apple II ƙarama ce ƙwarai, hoto guda na wayar hannu ta yau ba zai shiga cikinta ba. Zanen motsin jarumi ya cinye wurin, babu sararin zana abokin gaba. Sai Mechner ya ɗauki zanen jarumin kansa ya ɗan gurɓata shi da wata dabarar lissafi, ya fito kamar fatalwa. Daga baya ya samu ya matse wuri ya sa dogarai, amma inuwar ta riga ta zama zuciyar labarin. Shi da kansa ya ba da wannan bayani, kuma littafin ajiyar da ya riƙa rubutawa a shekarun aikin an buga shi.

Kada a ce na cika yabo. Farisar da ke cikin wasan nan ba ta da alaƙa da Farisar tarihi, ta 'yan fim ɗin Amurka da Ingila ce: rawani, takobi mai lanƙwasa, ƙofofi masu baka. Ko sunan mugun ma abin dubawa ne. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ya san Ja'afaru wazirin Haruna Rashid mutumin kirki ne, mai ba sarki shawara ta gari, a Bagadaza kuma yake. 'Yan fim ne suka mai da sunan na mugu, musamman tun daga The Thief of Bagdad na 1940, wasan kuma ya bi sahunsu ido rufe. Gimbiya ma ba ta da aiki sai jira, in ban da farin ɓeran da ta aika a hawa na takwas ya taka maɓallin ƙofa ya fid da saurayin daga tarko. Ɓeran nan ya fi ta rawar gani.

To, yanzu ga ɗakin kwalabe.

A irin wanda ya iso mana, kana gama hawa na ɗaya, ka samo takobi, ka kashe dogari na farko, ka haye matakala zuciyarka na bugawa, sai ka tsinci kanka a wani ɗaki cike da kwalabe, kowace da harafin boko a kanta. Sai rubutu ya fito a ƙasan allo yana umartarka ka buɗe ɗan littafin jagora da aka sayar da wasan tare da shi, ka je shafi kaza, layi kaza, kalma ta kaza, ka sha kwalbar da ke ɗauke da harafin farko na kalmar. Ka dace, ƙofa ta buɗe. Ka kuskure, guba ka sha, ka ci gaba da kuskure ka mutu. Hikimar ita ce, faifan wasan kowa na iya kwafarsa cikin minti biyu, amma wanda ya kwafa ba shi da littafin.

Sai an yi wa masu wannan dabara adalci. Wahalar shekara huɗu ce Mechner ya zuba, kuma da wasan ya fito bai yi kasuwa ba da farko, domin Apple II ta riga ta fara tsufa. Abincinsa na cikin kason da kamfani zai ba shi a kan kowane kwafi da aka saya. Wanda ya taɓa cin bashi ya buga littafi, ya ga ana karanta kwafi guda a gida goma, ba zai yi musu dariya ba. Kuma in aka gwada da na sauran, nasu kwaɗon ya fi ladabi. Masu SimCity a 1989 sun buga lambobinsu a kan takarda ja mai duhu don injin hoto ya kasa ɗauka, ta kai mai ita ma sai ya kai ta bakin taga yana ƙanƙance ido. Masu The Secret of Monkey Island a 1990 faifan kwali suka bayar mai juyawa, ka haɗa rabin fuskar wani ɗan fashin teku da rabin ta wani ka karanto shekara. A 1992 ƙungiyar masu buga manhaja ta Amurka har bidiyon waƙa ta yi tana roƙon yara su daina kwafar faifai. Masu Yariman Farisa aƙalla sun yi ƙoƙari su sa wa mai gadinsu kayan gida: kwalba dai akwai ta a cikin labarin, guba ma akwai.

Duk da haka, a matsayina na mai sharhi, ina ganin ɗakin nan shi ne wuri guda da saƙar ta yage. Ka tuna wasa ne da ya ƙi yin magana, ya yarda da hankalinka har ya bar ka ka gane sirrin inuwa da kanka. Sau ɗaya tak ya juyo ya dube ka ya yi maka magana kai tsaye, abin da ya ce kuwa shi ne: nuna mini shaidar ka biya. Kamar mai tatsuniya ne ya kai inda kura ta buɗe baki, sai ya tsaya ya ce kowa ya zazzage aljihunsa a gani. Ko ka biya ko ba ka biya ba, an fid da kai daga Farisa an mai da kai kanti.

Sa'an nan a tambaya, wa kwaɗon ya kama? A shagon da na faɗa, babu wanda ya taɓa ganin littafin jagorar da idonsa. Abin da ke akwai wata takarda ce manne a bango da salatif, hoton hoton wani hoto, an jera shafi da layi da harafi da rubutun hannun wani bawan Allah da ba mu san ko a wace ƙasa yake ba. Yaron shagon ma ya haddace rabinta. Wasu kwafin kuma an riga an yi musu fashin kwaɗon gaba ɗaya. Wanda abin ya ci shi ne mutumin da ya sayi nasa da kuɗinsa, ya ajiye faifai da kyau, amma littafin ya ɓace wajen ƙaura ko yara suka yaga. Shi ne zai zauna gaban kwalabe yana caca da ransa a kan abin da ya mallaka. Ɓarawo ya wuce, mai gida na waje yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara fito da wannan aibi fili, domin kwaɗon ya daina zama takarda ya koma cikin na'ura. Wasan Spore da ya fito a 2008 an ƙayyade wa mai saye sau uku kawai zai iya ɗora shi a kwamfuta, sai da aka yi ta ƙorafi aka ƙara. Wasanni masu yawa na faifan CD an kulle su da wani tsari mai suna SafeDisc. Da Windows 10 ta fito a 2015 sai ta ƙi karɓar tsarin saboda yana buɗe ƙofa ga masu kutse, faifan da mutane suka saya da halalinsu suka daina tashi. Kamfanin Ubisoft na Faransa, wanda sunan Prince of Persia ya koma hannunsa, ya gwada duka hanyoyin biyu. A 2008 ya fitar da wani sabon Prince of Persia na kwamfuta a kanti ba tare da kwaɗo ba. A 2010 kuma ya fito da tsarin da sai kana haɗe da intanet kowane lokaci wasa zai yi. A ƙarshen Maris 2024 ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasansa na tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, duk wanda ya saya ya wayi gari da abin da ba ya buɗuwa. Ɗakin kwalabe ko ba komai in ka adana littafinka ka tsira. Wannan kuwa mabuɗin na aljihun wani, ran da ya ga dama ya jefa shi rijiya.

Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Yariman Farisa na cikin masu sa'a, sa'arsa kuwa ta zo ta hanya biyu. Ta farko, kwafin da suka bazu a duniya, akasarinsu na sata, su ne mutane suka adana, manhajar DOSBox kuma ta ba su damar tashi a kan sababbin na'urori. Ta biyu, a 2012 mahaifin Mechner yana share kabad ya ci karo da wani kwali ya aika masa, ciki har da faya-fayan da ke ɗauke da ainihin rubutun wasan na Apple II, wanda shi mai shi ya ɗauka ya ɓace. Sai da aka kira masana da tsofaffin na'urori kafin a iya karanta su. Da aka samu, sai ya zuba rubutun a GitHub, kowa ya gani kyauta. Mutumin da aka kulle aikinsa da guba a 1990 shi ne ya buɗe shi da hannunsa bayan shekara 22.

Ban kawo wannan don in halatta sata ba. Wanda ya buga littafin wani ya sayar ɓarawo ne, doka ma ta san da shi, tun daga dokar haƙƙin mallaka mai lamba 47 ta 1988 har zuwa sabuwar da aka sa wa hannu a 2023. Abin da nake so 'yan'uwa su duba shi ne irin namu ɗakunan kwalaben. Da can gargaɗi ne a shafi na biyu, da harara ga masu shagon hayar littafi. Yanzu da yawa daga cikin marubutanmu, musamman mata, suna sayar da labari ta rukunin WhatsApp, ka biya a sa ka. Hanya ce mai kyau, ta fid da mutane da yawa daga hannun 'yan kasuwa. Amma sau nawa kana tsakiyar babi, miji ya ɗaga hannu zai furta saki, sai marubuciya ta tsai da labari ta yi layi biyar na Allah ya isa ga duk wadda ta fitar mata da littafi? Wadda ta fitar ɗin ta goge layukan kafin ta tura. Wadda ta biya ita ce ke shan tsinuwar, kowane babi, da kuɗinta. Ga kuma tambayar da ba mu cika yi ba: labarin da ke zaune a rukuni guda da wayar mutum guda, ina zai kasance bayan shekara talatin, in wayar ta faɗa ruwa ko mai ita ta bar duniya?

Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Nana Asma'u sun iso mana ne domin almajirai sun zauna sun kwafe su da hannu, wani daga wani, mai kwafa ya kai ƙarshe ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Na sani ba da sayar da littafi suke ci ba, mu kuwa wasunmu da shi suke biyan kuɗin makarantar yara, don haka gwajin bai zauna daidai ba. Amma littattafan soyayya nawa na shekarun 1990, waɗanda aka yi ta cacar baki a kansu a jaridu, za ka iya shiga kasuwa yau ka saya?

Watan jiya na sake zama na buga wasan, bayan kusan shekara talatin. A kwafin da na samu babu ɗakin kwalabe, daga hawa na ɗaya sai na biyu. Abin mamaki, sai na ji kamar an rushe wani lungu a unguwarmu, har na ɗaga kai ina neman takardar bango. Yatsuna sun yi nauyi, lokaci ya ƙare mini a hawa na tara, waziri ya yi nasara.

Littafin nan nawa na farko da aka buga a shagon, kwafi na ƙarshe da nake da shi wani ya ara bai dawo da shi ba, maɗaba'ar ta rufe, faifan da aka ajiye rubutun a ciki ya daɗe da ruɓewa. Shekaru uku da suka wuce wata ɗaliba mai rubuta kundin digiri ta zo yi mini tambayoyi, ta zaro shi daga jaka. Hoto ne aka ɗauka a inji, shafi biyu-biyu, an ɗinke da zare, ta ce a wurin yayar mahaifiyarta ta samo. Na buɗe shafi na biyu, ga gargaɗina nan ya fito raɗau, inda na ce ban yarda a kwafi ko layi guda ba sai da izinina a rubuce. Na roƙe ta ta ba ni aro na kwana biyu, na kai aka ɗaukar mini nawa.